Yadda mai ƙaramin ƙarfi zai fara kamun kifi da fatsa: amsa ga wani manomi daga ƙasar Ringim

“Assalamu alaikum, Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni manomi ne a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim, kuma gonarmu ta rani ba ta da nisa da kogin Haɗejiya. Ba daga gidan masunta na fito ba, amma na daɗe ina sha'awar kamun kifi da fatsa, musamman tun da na fara ganin bidiyon Turawan Ingila a waya, suna zaune a bakin ruwa da wata doguwar sanda wadda ba ta da abin naɗe zare, suna ta ciro kifi ɗaya bayan ɗaya. Na tambaya an ce mini sandar tana da tsada ƙwarai. Shin mai ƙaramin ƙarfi irina zai iya farawa? Me zan fara saya, me kuma zan bari sai gaba? Na miya nake nema, ba sana'a nake so in mayar da abin ba.”

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Amin, ƙanena, Allah ya saka da alheri. Idan na fahimce ka daidai, abu biyu kake son sani: ko irin kamun da ka gani a waya zai yiwu a bakin kogin Haɗejiya ga mutumin da ba shi da rarar kuɗi, sannan idan zai yiwu, a kan wane kaya ya kamata ɗan abin da ke hannunka ya tafi. Zai yiwu, kuma sandar da ta ɗauke maka hankali ita ce abu na ƙarshe da ya kamata ka kashe wa kuɗi. Kifi ba ruwansa da tsadar sanda. Abin da yake haɗuwa da shi a cikin ruwa shi ne ƙugiya, da abincin da aka saƙala mata, da kamu ɗaya na ƙarshen zare, saboda haka a nan ne ingancin kaya yake da tasiri. Na tashi a cikin masunta a yankin Wudil, daga baya na yi aikin malamin gona a ɓangaren kifi a wasu madatsun ruwa na Kano, kuma a kan abin da na gani a waɗannan wurare zan gina bayanina.

Abin da ka gani a bidiyo

Masu kamun kifi na Ingila suna da sanda iri biyu waɗanda ba a sa musu na'urar naɗe zare. Ta farko gajera ce, galibi daga mita 3 zuwa 5, gaɓoɓinta suna shigewa cikin juna kamar eriyar rediyo, kanta siriri ne mai lanƙwasa, kuma a kan nata ake ɗaura zare kai tsaye. Tsawon zaren yakan yi kusan daidai da tsawon sandar, yadda idan an ɗaga ta kifin zai taho har hannun mai kamu. Ta biyu ita ce doguwar, wadda takan kai mita 13 har zuwa 16. Da kabon ake yin ta, wato wani sinadari marar nauyi, gaɓa-gaɓa ake harhaɗa ta, akwai roba mai miƙewa a cikin gaɓoɓinta na sama wadda ke shanye fizgar kifi, kuma zarenta gajere ne, don haka duk lokacin da aka kama kifi sai an janyo sandar baya an ciccire gaɓoɓi kafin hannu ya kai gare shi.

Wannan doguwar an yi ta ne domin gasa a magudanan ruwa da tafkunan da aka zuba wa kifi, inda gaɓar ruwa take a shimfiɗe, aka tanadar wa kowa wurin zama, kuma a ƙarshe a auna kifin a mayar da shi ruwa. Tana bukatar akwatin zama na musamman da abin da za ta riƙa gangarawa a kansa idan an janyo ta baya. Idan aka taka gaɓa ɗaya ta fashe, ba za ka sami madadinta a kasuwanninmu ba. A bakin ruwa irin naku, inda akwai ciyawar kachala da laka, shanu kuma suna saukowa shan ruwa, ko kyauta aka ba ka ita wahala za ta zame maka. Ka cire ta daga lissafi.

Gajerar kuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin ita ce fatsar da yara suke yi da kara a bakin kududdufi tun kaka da kakanni. Abin da ya sa Baturen yake ciro kifi a jere, yaronmu kuma yake wuni da guda biyu, bai wuce abu huɗu ba: sirantar zare, daidaita alamar da ke yawo a kan ruwa da nauyin da ke ƙasanta, auna zurfi kafin a fara, da kuma kiran kifi zuwa wuri ɗaya da abinci kaɗan-kaɗan. Uku daga cikinsu ba a sayen su da kuɗi.

Sanda

Ka nemi gora siririya wadda ta bushe sosai, mai tsawon gaba biyu, wato kimanin mita 3 da rabi, gindinta ya cika hannu ba tare da ya gajiyar da shi ba, kanta kuma ya sirance a hankali. Ana samunta wurin masu sayar da kayan rufin ɗaki. Idan babu, miƙaƙƙen tohon darbejiya ko na turare zai yi aiki, sai dai sun fi gora nauyi. Idan sandar tana da ɗan karkata, ka gasa wurin sama-sama a kan garwashi, ka miƙar da shi tun yana da zafi, ka riƙe har ya huce, daga nan ka kankare gaɓoɓin ka shafa mata man gyaɗa. Kafin ka saya, ka riƙe gindin da hannu ɗaya ka girgiza ta. Wadda ta dace ita ce wadda kashi ɗaya cikin uku na samanta ke lanƙwasa, sauran jikin kuma ya tsaya ƙyam. Sandar da ba ta lanƙwasa ko kaɗan tana tsinka zare, ko ta yaga leɓen kifi, domin duk ƙarfin fizga a kan zaren yake sauka.

Kada ka ɗaura zare a ƙarshen kan sanda kaɗai. Ka fara ƙulla shi kamu biyu ƙasa da kan, inda sandar take da kauri, ka naɗo shi a jikinta har zuwa sama, sannan ka sake ƙullawa a can. Ranar da tarwaɗa ta karya kan sandar, zaren yana nan a hannunka da kifinsa. Tsawon zare daga kan sanda zuwa ƙugiya ya gaza tsawon sandar da kamar taƙi biyu, saboda nauyin kifi yana lanƙwasa sandar, kuma idan zaren ya yi tsawo za ka ɗaga hannu iya ƙarfinka kifin yana can ƙasa yana bugun laka.

Zare, ƙugiya, alama da dalma

A nan kuɗinka zai shiga, kuma ba mai yawa ba ne. Masu sayar da kayan kamun kifi a Wudil, inda kasuwa ke ci ranar Juma'a, da na Haɗejiya da na birnin Kano, duk suna da zaren nailan da ƙugiya. Kusan duk wanda ya zo mini yana kukan kifi ya ƙi ci, idan na duba kayansa sai in tarar da zare mai kaurin da ake kafa mamari da shi, wato dogon zaren masunta mai ƙugiyoyi da yawa, da ƙugiyar da ta fi bakin kifin da yake nema girma. Mutum yana tsoron kada babban kifi ya tsinke masa, sai ya yi shirin da zai hana ƙananan da ke gabansa su ci.

Ka sayi zare kala biyu. Mai kaurin milimita 0.25 ko 0.30 shi ne uwar zare, wanda zai taso daga sanda. Mai kaurin 0.18 ko 0.20, wanda yakan ɗauki nauyin kilo 2 zuwa 3, shi za ka yanko kamu ɗaya ka ɗaura wa ƙugiya, ka haɗa shi da uwar zaren. Hikimar yin haka ita ce idan ƙugiya ta maƙale a saiwa ko a kachala, siririn ne zai tsinke, ka yi asarar ƙugiya ɗaya kawai, alamarka da dalmarka su tsira. Ka duba kada a ba ka zaren da ya daɗe a rana a gaban shago, domin rana tana cinye ƙarfin nailan ko da ido bai ga alama ba. Ka ja shi tsakanin hannuwanka biyu ka ji. Kuma duk ƙullin da za ka yi, ka jiƙa shi kafin ka tsuke, saboda gogayyar busasshen nailan tana ƙona shi ya raunana a daidai wurin ƙullin.

Lambar ƙugiya a juye take: idan lamba ta ƙaru, ƙugiyar ƙanƙancewa take yi. Kamfanoni ba su daidaita a kan lambobin ba, don haka idonka ya fi lamba amfani. Don karfasa da kawara ka zaɓi wadda buɗewar bakinta bai wuce faɗin ƙwayar wake ba, don tarwaɗa da kurungu kuma wadda ta ninka wannan. Masunta da yawa sun fi amincewa da ƙugiyar Mustad ta ƙasar Norway, amma ko wace iri ce ka gwada kaifinta a kan farcenka: mai kaifi tana kamawa ta tsaya, dakusasshiya tana zamewa. Goma na ƙanana da biyar na manya sun ishe ka farawa.

Alama kuwa ba sai ka saya ba. Totuwar karan dawa busasshiya mai tsawon yatsa tana yi, sai dai tana shan ruwa bayan ɗan lokaci, don haka ka shafe ta da narkakken kyandir. Wadda na fi so ita ce ƙashin gashin fiffiken agwagwa ko na talotalo, a fige gashin a bar sandar, a shafa wa kanta jan fenti domin a riƙa hangowa. Siririya ce, ba ta shan ruwa, kuma taɓawa kaɗan take nunawa. Ana maƙala ta a jikin zare da zobba biyu da aka yanko daga robar da ke lulluɓe wayar lantarki, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, yadda za ka iya tura ta sama ko ƙasa ba tare da kwance komai ba. Wasu suna yanko guntun tsohon silifas. Yana yawo a kan ruwa da kyau, amma yawancin masu yin haka suna yanko ƙato, wanda ƙaramin kifi ba zai iya nutsar da shi ba.

Dalma za ka samu wurin masu saƙa birgi, wato ragar kamun kifi da ake jefawa da hannu. Ka buge ta da guduma ta yi fale-fale, ka yayyanka sirara, ka naɗe a jikin zare taƙi ɗaya sama da ƙugiya. Kada ka matse ta da haƙori, kuma ka wanke hannu kafin ka ci abinci, domin guba ce mai taruwa a jiki. Kada kuma a bar ta inda yara za su ɗauka. A Ingila ma tun 1987 aka hana amfani da mafi yawan ƙananan dalmar kamun kifi, saboda manyan tsuntsayen ruwa suna haɗiye ta suna mutuwa. Siririyar wayar tagulla da aka naɗe a zare tana iya maye gurbinta.

Yanzu ga aikin da ya fi kowane muhimmanci, kuma a gida ake yin sa. Ka cika babban bokiti ko randa da ruwa, ka sa alamar da dalmar a ciki, ka riƙa ƙara dalma ko rage ta har sai alamar ta tsaya a tsaye, duk jikinta ya nutse, abin da ya rage a sama bai wuce gaɓar yatsa ɗaya ba. Dalilin shi ne karfasa ba ta haɗiye abinci kai tsaye. Tsotsa take yi ta ɗanɗana, kuma da zarar ta ji wani abu yana ja mata daga sama sai ta tofar. Duk ɓangaren alamar da ke saman ruwa nauyi ne da kifin zai yi kokawa da shi kafin ya nutsar da ita. Idan ka rage wannan ɓangaren, kifin ba zai ji komai ba sai ƙugiya ta riga ta shiga, kai kuma za ka ga motsin da a da yake wuce ka.

Auna zurfi da karanta motsin alama

Idan ka isa bakin ruwa, kada ka fara da sa abinci a ƙugiya. Ka rataya mata wani abu mai nauyin da zai iya nutsar da alamar, kamar ƙaramin noti, ka sauke shi a hankali a daidai ƙarƙashin kan sanda. Idan alamar ta nutse, ruwan ya fi yadda ka saita zurfi, sai ka tura ta sama. Idan ta kwanta ko ta tsaya a iska, sai ka sauko da ita. Ka yi ta yi har kanta kaɗai ya leƙo. Daga nan ka gwada dama da hagu, kusa da nesa, iyakar inda sandar take kaiwa. Abin da kake nema shi ne gangare, inda ƙasa ta sauka daga marar zurfi zuwa mai zurfi, domin abinci a gindinsa yake taruwa, kifi kuma ta nan yake kai da komowa. Ka ɗaura ɗan tsumma a jikin sandar daidai inda alamar ta kai, domin idan zare ya tsinke ka mayar da shi yadda yake ba tare da sake awo ba.

Tarwaɗa da kurungu a ƙasa suke kiwo, da gashin baki da ƙamshi suke neman abinci, saboda haka ka ƙara wa zurfin yatsa huɗu yadda abincin zai kwanta a ƙasa sosai. Karfasa ka fara nemanta taƙi ɗaya sama da ƙasa, idan shiru ya yi yawa ka riƙa ɗagowa kaɗan-kaɗan har ka gano inda take tsaye a ranar. Kawara kusa da saman ruwa take, sau da yawa ma tun abincin yana nutsewa take cafkewa.

Kowane kifi da irin cinsa. Karfasa takan sa alamar ta yi ta rawa a wuri ɗaya, sannan ta ja ta gefe a hankali, kuma wannan jan gefen shi ne lokacinka. Tarwaɗa takan nutsar da ita ta tafi da ita, kuma gara ka ɗan jinkirta ta gama ɗauka. Wani lokaci alamar takan taso ta kwanta, wanda ke nufin kifi ya ɗauki abincin ya yi sama da shi har ya ɗage dalmar. Wannan ma ci ne, masu koyo da yawa suna barinsa ya wuce. Ɗagawa ake yi da wuyan hannu, ba fizga da dukan kafaɗa ba. Idan ka ji kifin yana da nauyi, kada ka cira shi sama kuma kada ka nuna shi da kan sanda. Ka riƙe sandar a karkace sama ta lanƙwashe, ka bar shi ya yi ta zagaye har ya gaji, sannan ka jawo shi gefe ka kwashe da ƙaramar koma.

Abincin ƙugiya da kiran kifi

Tana ita ce gaba, domin kusan babu kifin da ke ƙin ta. Ana tono ta a wuri mai danshi, kamar gefen rijiya, gindin ayaba ko bakin kwalbatin ban ruwa, a ajiye a gwangwani da ƙasarta da ruɓaɓɓen ganye a inuwa. Kada ka cusa ta duka a ƙugiya. Ka soke ta sau ɗaya ko biyu ka bar jelar tana motsi, ga ƙananan kifi kuma guntu ya isa. Gara, da shinge a farkon damina, da ƙananan fara, da tsutsar taki duk suna aiki. Tarwaɗa tana son abu mai ƙarni, kamar hanjin kaza ko guntun hanta. Karfasa kuwa iri-iri ce, kuma sanin haka zai rage maka takaici: mai jan ciki tana cin ganye da ƙwari, tana ɗaukar tana cikin sauƙi, amma babbar nan mai zane a jela idan ta girma gansakuka da ƙananan halittun ruwa ne mafi yawan abincinta, don haka takan wuce tana ba ta kula ba. Ita ana jarraba ta da ƙullun fulawa ko tuwon masara da aka murje da garin ƙuli-ƙuli har ya yi danƙo, ko da zaren gansakuka da aka naɗe a ƙugiya.

Tun da sandarka ba ta kai wa nesa, dole kifin ne zai zo wurinka. Ka haɗa dusar masara ko ta shinkafa da ɗan garin ƙuli-ƙuli, ka kwaɓa da lakar bakin ruwan, ka dunƙula girman ƙwai. Ka jefa uku ko huɗu a daidai inda ka auna, daga nan kuma ɗan mitsitsi lokaci zuwa lokaci, ko ana ci ko ba a ci. Manufar ita ce ƙamshi da gari su tara kifi su riƙe shi yana nema, ba ya ƙoshi ba, shi ya sa laka take fin dusa yawa a haɗin. Inda ruwa ke gudu, ka ƙara laka kuma ka jefa ta ɗan sama da wurin, domin ruwan ya kawo ta inda kake so. Kai kana da wata dama da mai zuwa daga nesa ba shi da ita, wato gonarka tana kusa. Ka zaɓi wuri ɗaya, ka riƙa zuba dunƙule biyu a lokaci guda kullum idan ka je ban ruwa, na 'yan kwanaki, kafin ka fara jefa ƙugiya. Kifi yana sabawa da wuri da lokaci, kuma a aikina na ga wannan dabara ta fi kowane sabon kaya ƙara yawan kamu.

Wuri da lokaci

Kada ka nufi tsakiyar kogi inda ruwa ke da ƙarfi. Ka nemi lungun da ruwa ke juyawa ya lafa, ko bakin magudanar da ke shiga kogi, ko ƙarƙashin bishiyar da ta sunkuyo, ko tafkunan da ambaliya ke bari a fadama idan ta janye. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya koma gudana a kogin Haɗejiya har da rani, kuma wannan yana cikin abin da ya ba kachala damar mamaye wurare da yawa. Ta cuci manoma da masu jirgi, amma gefenta mafaka ce ga ƙananan kifi, kuma mai fatsa yana iya sauke ƙugiya a ɗan buɗaɗɗen wurin da taru ko birgi ba za su shiga ba. Sai dai da zarar kifi ya kama ka janye shi daga ciyawar nan take.

Lokacin da ya fi albarka shi ne kaka, daga Oktoba zuwa Nuwamba, sa'ad da ruwa ke janyewa kifi ya yi ƙiba. Da hunturu, a Disamba da Janairu, ruwa yana sanyi, karfasa kuma tana rage ci ƙwarai idan zafin ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20, don haka sammako ba shi da amfani. Ka bari sai hantsi zuwa azahar. Da bazara akasin haka ne, sai da sassafe ko bayan la'asar. Da damina ruwa yana gurɓacewa da laka, ido ba ya yi wa kifi aiki, sai ka koma ga tarwaɗa da abinci mai ƙarni. A kowane lokaci ka zauna maimakon tsayawa, kada inuwarka ta faɗa kan ruwan, kuma ka rage taku, domin kifi yana jin girgizar ƙasa ta cikin ruwa.

Izini da kiyaye lafiya

Kafin ka jefa ƙugiya ko sau ɗaya, ka je ka gai da Sarkin Ruwan yankinku ka faɗa masa niyyarka. Akwai tafkunan da suke na wasu gidaje ne, akwai waɗanda ake rufewa sai ranar da aka buɗe su ga jama'a, kuma akwai wuraren da masunta suka kafa tarkon kifi irin mali ko mamari, waɗanda bai kamata a same ka kusa da su ba. Mai fatsa ɗaya ba ya tsone wa kowa ido idan ya shigo ta ƙofa. Bayan haka, masunta ne suka san ramuka da wuraren da ƙasa ke zaftarewa. Sanina ya fi ƙarfi a kan ruwan Wudil da madatsun Kano, don haka inda maganar dattawan masuntan Ringim ta saɓa da tawa a kan wuri ko lokaci, tasu za ka bi. Idan wani ya ba ka shawarar zuba gamalin ko wani maganin ƙwari a ruwa, ka guje shi: dokar kamun kifi ta ƙasa ta 1992 ta haramta guba da abin fashewa da lantarki, kuma mutane da dabbobi suna shan ruwan nan.

Ka yi kamunka daga tudu. Ruwan da ke kwance mai ciyawa shi ne gidan katantanwar da ke yaɗa tsargiya, kuma ta fata cutar take shiga. Idan ka ga jini a fitsari ka je asibiti, akwai maganinta. Kogin yana iya ƙaruwa ba tare da an yi ruwan sama a wurinku ba idan an saki ruwa daga madatsa, saboda haka kada ka zauna a tsibirin yashi ko ƙarƙashin gaɓar da ruwa ya ci gindinta. Idan hadari ya taso ka kwantar da sanda ka bar wurin, kuma ka duba sama kada akwai wayar lantarki kafin ka ɗaga ta. Kurungu da tarwaɗa suna da ƙaya a gefen kai, kurungu har da ta baya, mai tsananin zafi idan ta soki mutum, don haka ka kama su da tsumma ta bayan ƙayoyin. Minjirya kuwa kada ka taɓa ta da hannu, domin tana jan mutum kamar wutar lantarki. Ka yanke zaren.

Iyakar wannan hanya

Fatsar sanda ta ƙanana da matsakaitan kifi ce. Tarwaɗar da ta wuce kilo 2 za ta gwada kayanka ƙwarai, giwan ruwa ko babban ramboshi kuwa ba za ka iya tsayar da su ba, tun da ba ka da zaren da za ka sakar musu, tsage kuma da haƙori yake datse nailan. Akwai ranakun da za ka dawo da abin da bai wuce na miyar dare ba, akwai kuma waɗanda za ka dawo hannu rabbana. Tun da ka ce na miya kake nema, wannan ba zai dame ka ba, amma wanda yake son ciyar da gida da kamun kifi sai ya koyi aikin raga a hannun masu shi. Ina roƙonka ka riƙa mayar da waɗanda ba su kai faɗin yatsa uku ba, da karfasar da ka ga ƙwai ko 'ya'ya a bakinta, domin uwa ce take renonsu a ciki.

Idan ka yi kaka ɗaya da gora ka ga abin ya zauna maka, a lokacin ne sayen sandar kanti yake da ma'ana. Ka nemi ta faibagilas mai shigewa cikin juna, mai mita 4 ko 5. Ta fi ta kabon nauyi kaɗan, amma ta fi ta araha da jure wahala, kuma tana naɗewa ta shiga buhu a bayan babur. Ka zare kowace gaɓa a gaban mai shago ka duba tsagewa, musamman a bakin gaɓoɓin. Wajen buɗewa ana farawa daga siririn kai, wajen rufewa kuma daga gindi, kuma kada ka bari yashi ya shiga tsakanin gaɓoɓin, domin shi ne yake cinye su har su daina kamawa. Ko gora ce ko ta kanti, duk ranar da ka dawo ka shafa kamu na ƙarshen zaren tsakanin yatsunka, idan ka ji kaushi ka yanke ka sake ɗaurawa, ka busar da ƙugiyoyin ka ɗiga musu mai a cikin kwalba mai murfi, sandar kuma ka kwantar da ita a miƙe a inuwa, kada ka jingina ta da bango ta lanƙwashe.